Bin Sawun Kalma: "Runoff", Daga Filin Sukuwa Zuwa Akwatin Zaɓe

A wannan makon za mu bi sawun wata kalmar Turanci da ke yawan kayar da mu wajen fassara, wato "runoff".

Kalmomi biyu aka haɗa: "run", gudu, da "off", mai nuna barin wuri. Tun a tsohon Turanci "run" na ɗauke da gudun ƙafa da gudun ruwa, kamar yadda mu ma kan ce yaro na gudu, rafi na gudu. Daga nan ma'anar ta rabu gida biyu.

A ƙarni na 19, idan dawaki biyu suka iso tare a tseren Turawa, akan sake sakinsu su kaɗai don a san zakara. Wannan tsere na biyu shi ne "runoff". Mu ma daga doki muka samo sunan irin wannan canjaras: kunnen doki. A ƙarnin dai, masana ruwa suka laƙaba kalmar ga ruwan saman da ƙasa ba ta shanye ba, wanda ke malala zuwa rafuka yana zaizaye gonaki.

Sai a farkon ƙarni na 20 ta shiga siyasar Amurka, da ma'anar zagaye na biyu tsakanin mutum biyun da ke kan gaba, idan babu wanda ya kai adadin ƙuri'un da doka ta gindaya. Irinsa aka yi a jihar Jojiya ranar 5 ga Janairun 2021 kan kujerun sanata biyu. Haka a Nijar ranar 21 ga Fabrairun shekarar, tsakanin Bazoum da Mahamane Ousmane.

To, ga inda muke tuntuɓe. Zaɓen gwamnan Kano na ranar 23 ga Maris 2019 ba "runoff" ba ne, ƙarashen zaɓe ne a rumfunan da aka soke. Ba kuma zaɓen fidda gwani ba ne, wannan na cikin jam'iyya ne. Ƙuri'ar raba gardama kuwa tambaya ce ake wa al'umma. Idan muka cakuɗa su, mun ba mai karatu labarin da bai faru ba.

Saboda haka, kafin mu fassara ta, mu duba: doki ne ke gudu, ruwa ne, ko ɗan takara? Aikinmu na mako: kowa ya kawo jimla uku, kowace da ma'ana ɗaya. Allah Ya ƙara wa alƙalaminmu kaifi.