Yaya Kuka Ɗauko Shi?

Ina aji biyar a wata sakandaren kwana da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi aka buga wasan ƙarshe na gasar gidaje. Lokacin hunturu ne, an gama girbin masara, filin ya bushe ƙayau kamar daɓe. Aka bugo kwana, golanmu ya tashi sama, wani ɗan wasa ya shigo ta ƙarƙashinsa, sai ya juya ya faɗo da ka. Idonsa biyu, yana magana, amma abin da yake ta maimaitawa shi ne ba ya jin ƙafafunsa.

Muka yi masa abin da muka iya. Wani ya kwara masa ruwa, wani ya zaunar da shi, wani babban ɗalibi ya kama kansa ya ja, wai wuyan ne ya shige. Mu huɗu muka ɗauke shi, kansa na reto, muka sa shi a bayan a-kori-kura. Ni na riƙe ƙafar hagu. A asibiti likita ya dubi malaminmu ya ce, "Malam, yaya kuka ɗauko shi?" Malam bai ce komai ba. Yau fiye da shekara 15 ke nan, abokina yana kan keken guragu.

Wannan tambaya ta likita ita ta sa na bi tarihin irin wannan rauni. Abin da na tarar shi ne, duniya ta daɗe kafin ta gane cewa mai karayar wuya yana iya samun rauni sau biyu: na farko daga faɗuwa, na biyu daga hannun masu taimako.

Ga dalili. Wuyan mutum gaɓoɓin ƙashi bakwai ne a jere, laka kuma ta ratsa ta tsakiyarsu ɗauke da saƙon ƙwaƙwalwa zuwa hannu da ƙafa da mafitsara. Jijiyar da ke motsa tantanin numfashi ma daga gaɓa ta uku zuwa ta biyar take fitowa, shi ya sa rauni a saman wuya yake iya tsayar da numfashi. Ƙashi yana iya tsagewa ko gocewa laka ba ta taɓu ba. Amma wuyan ya riga ya rasa madogara, lanƙwasa ɗaya ta isa ta danne lakar. Ƙashi yana ɗoruwa. Laka idan ta tsinke, har yau ba a samu mai ɗora ta ba.

Tsohon bayanin da ake da shi a kan wannan rauni daga Masar ya fito. Akwai wata takardar likitanci da aka rubuta wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wadda wani Ba'amurke, Edwin Smith, ya saya a birnin Luxor a 1862. Raunuka 48 aka bayyana a cikinta. Ɗaya na mutumin da gaɓar wuyansa ta goce ne, ba ya jin hannuwansa da ƙafafunsa, fitsari na zubo masa. Marubucin ya sa shi a jerin ciwon da ba a yi wa magani. Wannan hukunci ya zauna fiye da shekara dubu uku. Har a Yaƙin Duniya na Ɗaya, mafi yawan sojojin da suka samu rauni a laka ba su daɗe ba suka mutu, galibi saboda gyambon kwanciya da ciwon mafitsara.

Wanda ya karya wannan hukunci shi ne Ludwig Guttmann, likita Bayahuden Jamus da ya gudu zuwa Ingila a 1939. A 1944 ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville. Ba wani sabon magani ya kawo ba, tsari ya kawo: a riƙa juya majinyaci duk bayan awa biyu, dare da rana, a kula da mafitsara, a sa shi motsa jiki. A ranar 29 ga Yuli, 1948, ya shirya wa majinyata 16 gasar harbin kibiya, wadda daga baya ta zama gasar Paralympics.

Filin ƙwallo bai ɗauki darasin da wuri ba. A ranar 5 ga Mayu, 1956, a wasan ƙarshe na kofin FA a Wembley, golan Manchester City, Bert Trautmann, ya faɗa ƙafafun Peter Murphy na Birmingham City, gwiwa ta same shi a wuya. A lokacin doka ba ta yarda a canza ɗan wasa ba, don haka ya ƙarasa wajen minti 17 da suka rage, suka ci 3-1. Sai bayan kwanaki hoto ya nuna ƙashin wuyansa ya karye, wata gaɓa ce ta tokare wadda ta tsage ta hana ta motsi. Ana ba da labarin a matsayin jarunta, alhali sauran kwana ne kawai.

Amurkawa ne suka fara ƙirga abin, domin irin ƙwallonsu ta kwalkwali da karo ta fi tamu karya wuya, musamman a sakandare. Likita Joseph Torg da abokan aikinsa suka tattara rahotannin raunuka, suka gano cewa mafi munin karaya tana faruwa ne idan yaro ya sunkuyar da kai ya tunkuyi abokin wasa da tsakar ka: wuya ya miƙe, nauyin jiki ya matse shi. A 1976 aka haramta irin wannan tunkuyi a sakandare da jami'o'i. Waɗanda hannu da ƙafa suka shanye musu sun ragu daga 34 a 1976 zuwa 5 a 1984. Ni mai rubuta manhajar kwamfuta ne, kuma wannan shi ne abin da muke yi kullum: matsalar da ba a rubuta ta ba, za ta sake dawowa.

To, mu fa? Makarantun boko, tun daga Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, sun sa wasanni cikin jadawalin ɗalibai. Daga nan ƙwallo ta bi makarantu har ta kai kowane ƙauye. Yau da wuya ka bi hanyar Funtuwa zuwa Bakori da Malumfashi bayan la'asar ba ka ga yara suna buga ta a filin firamare ko gonar da aka girbe ba. Mun karɓi usur da kati da dokar satar gida, amma ba mu karɓi ilimin abin da ake yi idan yaro ya faɗi bai tashi ba.

Abin da muka gada shi ne ilimin masu ɗori. A ja, a daidaita, a ɗaure da kara. Da wannan aka yi jinyar 'yan dambe da 'yan kokawa da waɗanda doki ya kayar tun kaka da kakanni. Wannan hoton ne a kan ɗalibin da ya ja wuyan abokina. Sai dai a wuya, garin neman gira ake rasa ido.

Ga kuma nisa. Asibitin ƙashi na Dala a Kano yana nan tun 1959, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana Shika. Daga Funtuwa zuwa Shika tafiyar wajen awa guda ce, daga Malumfashi zuwa Kano ta Gwarzo ta fi haka. Duk wani rami a hanya girgiza ce ga wuyan da ba a tallafe ba, balle a goya yaro a babur. Ko a manyan filaye ma shiri yana gazawa. A ranar 8 ga Maris, 2020, Chineme Martins na Nasarawa United ya yanke jiki ya faɗi a Lafiya ana wasa da Katsina United, rahotanni suka ce motar asibitin da ke filin ta ƙi tashi, ya rasu. Idan haka ta faru a gasar ƙwararru, sai mu auna filin makarantar ƙauye.

Amma abin da tarihi ya koyar bai fi ƙarfin malamin wasanni ba. Idan yaro ya faɗo da ka, ya suma, ko yana kukan wuya, ko gaɓoɓinsa sun mutu ko suna masa tsiko-tsiko kamar allura, a ɗauka wuya ya karye har sai hoto ya nuna akasin haka, ko da ya miƙe da kansa. Mutum ɗaya ya durƙusa ta wajen kansa, ya tallafe kan da hannu biyu, kada ya saki. Ba ja, ba murzawa, ba zaunarwa, ba ruwan sha. A kira 112, a kuma nemi mota. Idan dole a ɗauke shi, a samo ƙyauren ƙofa ko faffaɗan katako, mutum huɗu ko biyar su mirgina shi gaba ɗaya kamar gungumen itace, kai da ƙirji da ƙugu a layi ɗaya, mai riƙe da kai ne ke ba da umarni. A tokare gefen kansa biyu da naɗaɗɗen zane, a ɗaure. Idan amai ya taso, haka za a mirgina shi. Abu ɗaya ne ke gaban wannan duka: in numfashi ya tsaya, a fara danna ƙirji nan take.

Wannan darasin awa ɗaya ne. Kowace makaranta za ta iya gayyato ma'aikacin jinya daga babban asibitin Funtuwa ko na Malumfashi ya koyar da shi kafin gasar gidaje, a kuma ajiye katako ɗaya a bakin fili.

Da ƙaramar sallah na je gaishe da abokina. Yana sayar da katin waya da cajin waya a ƙofar gidansu. Bai taɓa ɗora wa kowa laifi ba, ƙaddara ce in ji shi, kuma na yarda. Amma da ƙanensa ya fito da takalmin ƙwallo a hannu, sai ya kira shi ya ce, "Auta, in wani ya faɗi, me na ce maka?" Yaron ya ce, "Yaya, a riƙe kansa, kada a ɗaga shi."