Gidan Makama na Kano: Daga Gidan Sarauta Zuwa Gidan Tarihi

1.0 Gabatarwa

A ƙasashen Turai akwai manyan gidajen attajirai na ƙarni na 17 da na 18, masu salon ginin da ake kira Barok, waɗanda aka mayar da su ofisoshin hukumar gari bayan iyalan da suka gina su sun watse. Irin wannan sauyi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Wannan takarda za ta dubi Gidan Makama na birnin Kano, domin nuna cewa abin da ya raya shi tsawon ƙarnuka shi ne aikin da kowane zamani ya samo masa.

2.0 Asalin Gidan

Gidan Makama yana kusa da Ƙofar Kudu ta fadar Sarkin Kano. Tarihin baka ya nuna an gina shi ne a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, jikan Sarki Abdullahi Burja, lokacin da yake riƙe da sarautar Makama. Rumfa ya hau gadon mulki a 1463, ya yi sarauta har 1499. A zamaninsa aka faɗaɗa ganuwa, aka kafa Kasuwar Kurmi, aka kuma gina sabuwar fada wadda ake kira Gidan Rumfa. Da sarki ya tare a fadarsa, sai tsohon gidan ya ci gaba da amsa sunan sarautar da maigidan ya bari.

Sarautar ba ƙarama ba ce. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta koma hannun Fulanin Joɓawa, kuma Makama yana cikin masu zaɓen sarki tare da Madaki da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta.

3.0 Fasalin Gini

Ginin na ƙasa ne. Magina kan jera tubali su tayar da bango, su ɗora azara, wato itacen giginya da gara ba ta cika ci ba. A manyan soraye sukan yi bakan gizo da ɗaurin guga domin rufin ya tsaya ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Daga waje kuma a shafe bango da makuba, a fitar da indararo, a ƙawata saman da zankwaye.

Irin wannan gini ba ya jure sakaci. Idan damina biyu ko uku suka wuce ba a yi yaɓe ba, rufi ya fara yoyo, azara ta ruɓe, soro ya rufta. Saboda haka kuskure ne a ɗauka cewa kowane bangon da ake gani yau hannun maginan Rumfa ne ya ɗora shi. Abin da ya ɗore shi ne wurin da sunan da fasahar, ita kuwa ƙasar an sha sabunta ta.

4.0 Zuwan Turawa

Ranar 3 ga Fabrairu, 1903, sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka ci Kano, a lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Daga baya Lugga ya naɗa Muhammadu Abbas sarki. Sababbin masu mulkin suna bukatar wurin aiki kusa da fada, sai suka mayar da Gidan Makama ofis na ɗan lokaci, kafin su koma bayan gari, wajen Nasarawa da Bompai.

Bayan haka aka raba gidan uku: sashe ya zama makarantar firamare, sashe ya zauna a matsayin gidan Makama, na ukun kuma ya zama gidan tarihi ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya. Cikin kayan da aka adana a can har da ƙyauren tsofaffin ƙofofin birni.

5.0 Kwatanci

Ba ginin ƙasa kaɗai wannan ya shafa ba. Bahaushen da ke kasuwanci a Adjamé ko Treichville cikin Abijan yana da misali kusa da shi a Grand-Bassam, hedikwatar farko ta Faransawa a Kwaddibuwa. An gina gidan gwamna a can a 1893. Da annobar shawara ta 1899 ta sa aka mayar da hedikwata Bingerville, sai gidan ya rasa aikinsa na asali. A 1981 aka mayar da shi gidan adana tufafin gargajiya na ƙasar, a 2012 kuma hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya.

6.0 Kammalawa

A cikin Kano kanta, ganuwa ta isa misalin ɗaya ɓangaren. Tun da aka daina bukatarta don kare gari, sai ruwan sama da masu ɗibar ƙasa da masu neman fili suka cinye yawancinta. Gidan Makama kuwa bai rasa mai shiga da fita ba, daga ɗan sarki zuwa jami'in mulkin mallaka, daga ɗan makaranta zuwa mai ziyara. Duk mai son tsohon gini ya kai ga jikoki, sai ya nema masa aikin da zai sa a riƙa yi masa yaɓe kafin kowace damina.