Jaridun Bolshebik a Taskar Kwamfuta

Tun daga watan Disamba na 1900, sa'ad da aka buga fitowar farko ta jaridar Iskra a birnin Leipzig na Jamus, aka riƙa tsallakar da ita cikin Rasha a ɓoye a ƙarƙashin akwatunan matafiya, har zuwa Agusta na 1991, sa'ad da shugaban Rasha Boris Yeltsin ya dakatar da jaridar Pravda bayan juyin mulkin da bai yi nasara ba, jam'iyyar Bolshebik ta Lenin ta ɗauki jarida makamin tarbiyyar jama'a da haɗa kansu; saboda haka duk mai neman sanin abin da hukuma ta so talakawanta su gaskata a wata rana ta musamman, babu hujjar da ta fi shafin jaridar wannan rana.

An kafa Pravda a Petersburg ranar 5 ga Mayu 1912, gwamnatin sarki ta yi ta hana ta fita, ita kuwa tana sake suna tana dawowa, har aka rufe ta a Yuli 1914. Ta farfaɗo a 1917, shekarar da aka haifi jaridar Izvestia, daga bisani dukkansu suka koma Mosko a 1918. Takardar da aka buga su a kai mai araha ce, wadda ke yin ja ta ruɓe da tsawon zamani, kuma a zamanin Stalin an riƙa kulle rubuce-rubucen waɗanda aka hukunta a wani sashe na musamman na ɗakunan karatu, inda ba a shiga sai da izini. Yanzu kamfanin East View da ke Minnesota a Amurka ya ɗauki hoton shafukan Pravda tun daga 1912 da na Izvestia tun daga 1917, ya zuba su a kwamfuta ta yadda za a iya neman kalma guda a cikin shekaru masu yawa, aikin da a da yakan cinye watanni ana juya fim a gaban na'ura. Alhali kuwa na'urar da ke karanta haruffa takan yi tuntuɓe a shafukan da suka gabaci gyaran rubutun Rashanci na 1918, wanda ya soke wasu haruffa, don haka rashin samun suna a bincike ba dalili ba ne na cewa ba a buga shi ba.

Amma babbar mas'ala, a ganina, ta wuce ta haruffa. Malaman hadisi ba su karɓar ruwaya sai sun binciki halin mai ruwayar, kuma wannan ƙa'ida ce ta wajaba a kan Pravda, domin shaida ce mai gaskiya wajen bayyana nufin masu mulki, mai rauni ƙwarai wajen bayyana abin da ya auku. Maƙalar Pravda ta 28 ga Janairu 1936 da ta yi tir da waƙen mai tsara kiɗa Shostakovich tana nan, za a same ta cikin ƙiftawar ido, a auna lafazinta, a bi yadda sauran jaridu suka amsa mata. Yunwar 1932 zuwa 1933 kuwa, wadda ta halaka miliyoyin mutane a Yukren da Kazakistan, mai bincike zai tarar da labarin girbi da na gonakin haɗin gwiwa a gurbinta, kuma babu kalmar da zai rubuta wa kwamfuta ta nuna masa wannan shiru. Sai dai ya karanta fitowa bayan fitowa da haƙuri, yana riƙe da wasu hujjoji daga waje.

Haka lamarin yake ga jawabin da shugaban jam'iyya Khrushchev ya yi a asirce a Fabrairu 1956, inda ya fallasa zaluncin Stalin: an karanta shi a tarurrukan jam'iyya, jaridun ƙasashen waje suka buga shi a shekarar, amma ba a buga cikakken nassinsa a Tarayyar Sobiyet ba sai 1989.