Morihei Ueshiba da Makarantun Soja na Japan

A ƙasashe da yawa akwai ɗakunan da ake koyon wata kokawa ta mutanen Japan mai suna aikido. A bango akan rataye hoton wani tsoho mai farin gemu, almajirai kuwa su rusuna kafin su fara. Tsohon nan shi ne Morihei Ueshiba. Koyarwarsa, in ji su, ita ce a kā da mai kawo hari ba tare da an ji masa ciwo ba. Amma tarihinsa yana da wani gefe da ba a cika faɗa ba.

An haife shi a garin Tanabe a 1883. Da fari soja suka ƙi shi saboda gajarta, amma bai haƙura ba sai da aka karɓe shi a 1903, ya kuwa yi aiki a lokacin yaƙin Japan da Rasha. A 1915 ya sadu da Takeda Sokaku, wanda ya koya masa murɗe gaɓoɓi da kā da mutum. A 1919 kuma ya haɗu da Deguchi Onisaburo, shugaban addinin Omoto, ya zama mabiyinsa.

Sa'ad da ya koma Tokiyo a 1927, wanda ya tsaya masa shi ne Takeshita Isamu, babban hafsan sojan ruwa. A 1931 ya buɗe ɗakin Kobukan, wanda aka yi wa laƙabi da ɗakin jahannama saboda tsananin horo. Daga nan ƙofofi suka buɗe. Ya koyar a makarantar soja ta Toyama, da ta sojan ruwa, da makarantar 'yan leƙen asiri ta Nakano, har da ta 'yan sandan soja da ake kira Kempeitai, waɗanda suka yi ƙaurin suna wajen azabtar da fursunoni a ƙasashen da Japan ta mamaye. Wanda ya nuna wa irin waɗannan yadda ake murɗe hannun mutum, da wuya ya ce bai san inda ilimin za shi ba. (A shekarun nan ne fa gwamnatin Japan take tsare Kiristoci a Koriya don sun ƙi rusunawa a wuraren bautar gargajiya.)

A 1935 gwamnati ta afka wa Omoto, ta rushe gine-ginensu, ta ɗaure Deguchi. Ueshiba ya tsira, gama yana da almajirai cikin manyan 'yan sanda da soja. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ya riƙa zuwa Mancuriya, ƙasar da Japan ta ƙwace daga Sin, inda almajirinsa Tomiki Kenji yake koyarwa a jami'ar Kenkoku. A 1942 ya yi nuni a can a gaban Puyi, sarkin jeka-na-yi-ka da Japan ta naɗa.

A wannan shekara ce ya bar Tokiyo, ya danƙa ɗakin a hannun ɗansa Kisshomaru, ya koma ƙauyen Iwama yana noma da addu'a. Mabiyansa sun ce zuciyarsa ce ta ƙi yaƙin. Mai yiwuwa ne, gama Allah kaɗai ya san zuciya. Amma yana fama da rashin lafiya a lokacin, yawancin maganganunsa na ƙauna da salama kuwa bayan Japan ta sha kashi a 1945 ne suka bazu.

Amurkawa da suka mamaye ƙasar sun hana koyar da dabarun faɗa na ɗan lokaci. A 1948 aka amince da ƙungiyar Aikikai, a shekarar ce kuma Tomiki ya dawo gida daga tsare a hannun Rasha. Ueshiba ya rasu ranar 26 ga Afrilu, 1969.