Dokar Satar Mutane: Daga Shekara Goma Zuwa Hukuncin Kisa

Dattawanmu sun gaya mana cewa a 1916 aka keɓe wa Hausawa Sabo a nan Ibadan. A wannan shekarar ce kuma Turawa suka shimfiɗa kundin dokar laifuffuka da suka fara amfani da shi a Arewa tun 1904, ya game ƙasa baki ɗaya. Arewa ta koma kan nata kundin a 1960, amma mu da ke Kudu har yau wancan ne ke kanmu. Sashe na 364 ya ce wanda ya tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba, ya hana shi kai kuka kotu, ko ya hana a gano inda yake, hukuncinsa ɗaurin shekara 10 ne.

Haka aka daɗe ana tafiya, har zuwa 2006 da kama ma'aikatan mai ya yi ƙamari a yankin Neja Delta. Daga nan abin ya zama sana'a. Mu ma nan ba mu manta da dajin Soka ba, inda a watan Maris na 2014 aka gano gawawwaki da mutane a tsare. Sai jihohi suka ga shekara 10 ta yi kaɗan. Oyo ta yi tata dokar a 2016, Legas a 2017: wanda ya yi garkuwa da mutum, ɗaurin rai da rai, in wanda aka kama ya mutu a hannunsa, kisa.

Wannan rarrabewa ita ce a Amurka ake kira mataki na farko. A jihar New York, laifin yana kaiwa wannan mataki ne idan an nemi kuɗin fansa, ko aka riƙe mutum sama da awa 12 da niyyar cutar da shi, ko ya mutu a tsare. Shari'a ma ta san haka tun tuni: malamanmu sun karantar da mu cewa hukuncin ɗan fashi a Suratul Ma'ida hawa-hawa ne.

To, jama'a, ga inda abin ya shafe mu. Sashe na 7 na kundin nan ya ce duk wanda ya taimaka aka aikata laifi da saninsa, shi ma mai laifin ne, ba bambanci. Unguwarmu kuwa da saukar baƙi ta ginu, tun zamanin fataken goro da shanu. Da can maigida ba ya ba da ɗaki sai ya san garin baƙo da wanda ya aiko shi. Yau kuɗin haya kawai muke tambaya. Mu koma wa al'adar iyayenmu: a san baƙo, a gabatar da shi wurin mai unguwa, kada a ba kowa aron asusun banki ko layin waya. Allah Ya tsare mu da zuri'armu, amin.