Daga Fitilar Kananzir Zuwa Hita: Tarihin Ɗumama Ruwan Kifin Ado

Kifin ado na farko da ya shiga ɗakunan Turawa bai buƙaci a ɗumama masa ruwa ba. Kifin zinariya, wanda Sinawa ke kiwo tun zamanin daular Song, yana jure sanyi. Shi ne masanin sinadarai Robert Warington ya zuba cikin tankin gilashi a Landan, tare da ciyawar ruwa da dodon-koɗi, ya kuma bayyana a 1850 cewa suna iya rayuwa tare ba sai ana yawan canja ruwa ba. A 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe sashen kifaye, shekara guda bayan haka Philip Henry Gosse ya fitar da littafinsa a kan kiwon kifi a tanki, sai abin ya zama yayi a Ingila.

Wahala ta fara ne da zuwan baƙin kifaye. A 1869 Pierre Carbonnier ya samu wani kifi mai launi daga ƙasar Sin, wanda ake kira kifin aljanna, ya yi nasarar sa shi hayayyafa a Faris. Shi ma yana da ɗan juriya, amma waɗanda suka biyo bayansa ba su da ita. A farkon ƙarni na 20 jiragen ruwa suka riƙa sauke kifayen ƙasashen zafi a tashar Hambug ta Jamus: gofi daga yankin Amurka ta Kudu a 1908, kiribensis na kogunan kudancin Najeriya a 1913. Irin waɗannan suna son ruwa mai zafin digiri 24 zuwa 27, ga shi kuwa a Jamus ruwa daskarewa yake yi lokacin sanyi.

Dabarar da aka fara yi ita ce hura wuta a ƙarƙashin tanki. Ana yin gindinsa da falalen dutse ko ƙarfe, a ajiye fitilar kananzir ko ta gas daga ƙasa. Jamusawa suka ƙara wayo: suka maƙala wani ƙarfe mai siffar mazurari a kife a gindin tankin, harshen wuta ya shiga cikinsa, zafi ya bazu cikin ruwa. Mai kifi ya zama mai gadin fitila. Da daddare zai rage lagwani ko ya ƙara, ya goge baƙin hayaƙi, ya duba ma'aunin zafi kafin ya kwanta. In kananzir ya ƙare tsakar dare, ruwa ya yi sanyi ƙarara kafin asuba. In wuta ta yi yawa, saiwoyin ciyawa su dahu a cikin yashi, kifayen su biyo baya. Ga wari a ɗaki, ga fargabar gobara.

Lantarki ya kawar da hayaƙi, amma bai kawar da babbar matsalar ba, wato yadda zafi zai tsaya da kansa idan ya kai inda ake so. Hitar da aka sani yau haɗin gwiwar ƙirƙira uku ce, kuma ba ko ɗaya da aka yi domin kifi. Akwai wayar nikirom da Albert Marsh ya yi wa rajista a Amurka a 1906, wadda ke ɗaukar zafi ba ta ƙone ba. Akwai gilashi mai jure zafi da Otto Schott ya samar a garin Jena. Sai kuma siririn ƙarfe mai ruɓi biyu, wanda maƙerin agogo John Harrison ya ƙago tun ƙarni na 18. Ƙarafan biyu ba sa miƙewa daidai idan sun ji zafi, don haka sai ya lanƙwashe ya katse wuta, in ya huce ya dawo ya haɗa. Bajamushe Eugen Jäger ne ya yi suna wajen tattara waɗannan cikin bututun gilashi guda, a toshe, wanda za a iya nutsar da shi duka cikin ruwa. Daga baya kamfanin Eheim ya riƙa sayar da hita da sunansa.

Sai dai wannan ɗan ƙarfen shi ne lagon na'urar. Duk kunnawa da kashewa yana fitar da ɗan tartsatsi, bayan shekaru bakunan da ke haɗa wutar kan manne, hita ta ci gaba da aiki babu tsayawa. Mutuwar hita a kashe da sauƙi, domin ruwa a hankali yake hucewa. Wadda ta maƙale a kunne kuwa tana iya hallaka tanki guda a dare ɗaya. Daga nan ne ƙa'idojin masu kiwo suka samo asali. Suna lissafa kusan wat ɗaya ga kowace lita, ba sa sayen wadda ta fi ƙarfin tankinsu. Masu manyan tankuna sukan sa ƙanana biyu maimakon babba ɗaya, don in ɗaya ta haukace ba za ta iya dafa ruwan ita kaɗai ba. Kuma ba wanda ya san aikinsa da zai yarda da lambar da ke jikin hita ba tare da ma'aunin zafi na daban ba. Kafin a rage ruwa sai an zare filogi an jira ta huce, don gilashi mai zafi tsagewa yake yi. Sababbin samfura na zuwa da jikin titaniyam ko roba mai kauri, wasu kuma na kashe kansu da zarar sun fita daga ruwa.

A Kano ko Maraɗi yawancin watanni tanki ba ya buƙatar ɗumi, sai cikin hunturu, ko a wuri mai sanyi irin Jos. A lokacin ne wasu ke sha'awar tsoma hitar bokiti ta ruwan wanka. Ita wannan ba ta da makashin kanta, an ƙera ta ne ta kai ruwa ga tafasa.