Daga Bangon Ɗakin Amarya Zuwa Butar Shayi: Tarihin Zanen Gargajiya a Jikin Kayan Ƙarfe a Indiya

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar kayan hannu ta Dilli Haat da ke birnin Delhi, wadda aka buɗe a 1994, zai ga butocin shayi da farantai da kwanukan abinci masu hawa-hawa an ƙawata su da zanen kifi da ɗawisu da furanni. Masu sayarwa sukan gabatar da su a matsayin sana'ar kaka da kakanni. Manufarmu a wannan takarda ita ce mu auna wannan da'awa da ma'aunin tarihi. A ra'ayinmu ƙira tsohuwa ce, zane ma tsoho ne, amma gamuwarsu a jikin buta guda sabon abu ne.

Bari mu fara da ƙarfen. Kafin zamanin masana'antu, kayan amfanin gida a Indiya na jan ƙarfe ne da tagulla da wani gaurayen jan ƙarfe da kuza da suke kira kansa. Maƙeransu gadon sana'ar suke yi. Alal misali, akwai Thathera na garin Jandiala Guru a jihar Punjab, waɗanda unguwarsu ta kafu a zamanin Maharaja Ranjit Singh cikin ƙarni na 19, kuma hukumar UNESCO ta sa sana'arsu cikin jerin al'adun da 'yan Adam suka gada a 2014. Sukan zafafa fallen ƙarfe su bubbuge shi da guduma har ya zama kwano ko tukunya, sa'an nan su goge shi da rairayi da ruwan tsamiya. To, a nan dalili na farko yake. Kwanon da ake ci a ciki kullum sai an dirje shi da toka ko tsamiya, domin tsarkin kayan abinci babban al'amari ne a gidan Hindu. Adon irin wannan kwano ƙyallinsa ne, kamar dai yadda ake ji da tagullar Bida a wajenmu. Launin da aka kwaɓa da ƙaro ba zai jure wannan dirza ba.

Ba muna cewa ba a san launi a jikin ƙarfe ba. A Jaipur akwai minakari, watau narka garin gilashi mai launi cikin ramukan da aka sassaƙa a zinariya ko azurfa, kuma ruwayar baka ta ce Raja Man Singh ne ya kawo gwanayenta daga Lahore a ƙarni na 16. A Moradabad akan cike layukan da aka zana a tagulla da wani danƙo mai launi. Amma duk wannan aikin maƙera ne da masu sassaƙa, ba na masu zanen ƙauye ba.

Su masu zanen ƙauye wani wuri dabam suke aikinsu. A yankin Mithila da ke arewacin jihar Bihar, mata ne ke zane a bangon ƙasa, musamman a ɗakin amarya da suke kira kohbar, inda akan zana furen bado da gora da kifi da tsuntsaye don fatan haihuwa. Uwa ke koya wa 'ya, ba kuma sayarwa ake yi ba. Waje bai san da shi ba sai da girgizar ƙasa ta 15 ga Janairu 1934 ta rushe gidaje, wani jami'in mulkin Ingila a Madhubani, William G. Archer, ya fita duba ɓarna ya ga zanen a bangayen da suka tsage. Ya ɗauki hotuna, ya kuma buga bayaninsa a mujallar Marg a 1949. Duk da haka zanen bai bar bango ba sai da farin 1966 da 1967 ya jefa Bihar cikin yunwa. A lokacin ne Pupul Jayakar ta hukumar sana'o'in hannu ta Indiya ta aiki mai zane Bhaskar Kulkarni ya raba wa mata takarda a ƙauyuka irin su Jitwarpur da Ranti, don su zana a sayar su sami na hatsi. Daga nan sunayen mutane suka fito fili: Jagdamba Devi ta sami lambar girma ta Padma Shri a 1975, Sita Devi a 1981, Ganga Devi a 1984. Ya kamata mu lura da wannan mataki sosai, gama shi ne mabuɗin sauran. Muddin zane ya rabu da bango da bikin da ya haife shi ya koma haja, babu sauran abin da zai hana shi hawa zane ko tabarma ko buta.

Labarin jihar Odisha ya ɗan bambanta. Masu zanen pattachitra, waɗanda akasarinsu maza ne, tun da can suna sayar wa masu ziyarar ɗakin bautar Jagannath a Puri. Sukan manna ƙyalle da kunun 'ya'yan tsamiya da alli, su samo fari daga ƙwaryar katantanwar teku, baƙi kuwa daga hayaƙin fitila. Hotunan ɗab'i masu araha sun kusa kashe sana'ar, har zuwa farkon shekarun 1950 da Halina Zealey, ma'aikaciyar wata ƙungiyar agaji ta Amurka, ta nemo musu kasuwa. A ƙauyen Raghurajpur an saba zane a ƙoƙon kwakwa da ganyen giginya da itace, saboda haka ƙarin buta bai zama baƙon abu gare su ba.

Ita kanta butar tana ba da shaida a kan shekarunta, domin akasari ta alminiyam ce. Alfred Chatterton ne ya fara gwajin ƙera kwanukan alminiyam a makarantar fasaha ta Madras a 1898. Shan shayi kuwa, ko da yake Turawa sun noma ganyensa a Assam tun ƙarni na 19, bai zama abin shan talaka ba sai a ƙarni na 20, bayan kamfanoni sun yi ta tallarsa a tashoshin jirgin ƙasa da masana'antu, kuma ganyen da inji ke murzawa ya karya farashi daga shekarun 1960. Ke nan butar alminiyam mai zanen Mithila ba za ta girmi ƙarni na 20 ba ta fuskar ƙarfe, ba kuwa za ta girmi farin 1966 ba ta fuskar zane. Wanda ya rubuta mata shekaru ɗaruruwa a kundin gidan tarihi ya yi kuskure, ko da niyyarsa kyakkyawa ce.

Abin da ya ɗaura wannan aure shi ne fentin kanti. Mai zane yakan kankare butar, ya shimfiɗa mata fenti na fari, ya zana da akirilik ko fentin mai, ya rufe da man ƙyalli. Siffofin na gado ne, amma launin tsamiya da katantanwa an bar shi a ƙyalle. Wani abin dubawa kuma shi ne butar ta rasa aikinta garin samun ado, gama ba a ɗora ta a wuta, ba a dirje ta. Mai shayin bakin titi yana nan da tasa baƙa ƙirin, mai zanen kuwa ta koma kan kanta a ɗakin baƙi na mutanen birni, waɗanda ke marmarin ƙauyen da suka baro.

Ba mu ga laifin masu zane ba cikin wannan. Hannun da ya karɓi takarda don ya tsira daga yunwa yana da ikon karɓar buta, kuma mai sayen da ba zai iya kuɗin babban zane ba yakan iya na ƙaramin faranti. Inda muke da ja shi ne rabon amfanin. Zanen Madhubani ya sami rajistar shaidar yanki a 2007, amma rajista ba ta tilasta a rubuta sunan macen da ta riƙe alkalami, alhali kuwa fitowar sunaye ita ce babbar ribar da matan Mithila suka ci bayan 1966. Maƙerin gado ma ba shi da kaso mai yawa. Butar alminiyam daga ƙananan masana'antu take fitowa, kuma ita da ƙarfen silba na zamani su ne suka janye masu saye daga rumfunan tagulla irin na Jandiala Guru.